Daga Ɗaya Zuwa Goma

Rijiyar gidan gaba goma sha takwas ce kafin a taɓa ruwa. Ba wanda ya auna wa Yaya, kafaɗarta ce ta ƙirga. Kullum kafin rana ta ɗaga takan zura guga sau talatin da ɗoriya. Ta cika duro biyu na kicin, ta cika na banɗakin ƙanenta, wato maigidan, ta cika na yara, sannan ta ja bokiti biyu na ƙarshe ta wanke farantan sola da ke jere a kan ƙarfe a bayan gida. Wannan na ƙarshe shi maigida ya fi sa wa ido. Yakan ce faranti in bai sha wanka ba ba ya kama rana.

Abin takaicin, a cikin wannan rijiya akwai injin jan ruwa, sabo fil, yana kwance a ƙasa ba aikin fari ba na baƙi. An ja bututu daga gare shi har kan tanki, daga tanki an raba famfo zuwa kicin da banɗakuna da tsakar gida. Komai an haɗa, komai lafiyarsa ƙalau. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Abin da ya shiga tsakanin ruwa da famfo wani ɗan kwaɗo ne a jikin akwatin makunni, makullinsa kuwa yana maƙale da na motar maigida.

Kwaɗon ya samo asali ne daga wata la'asar, sati guda bayan an haɗa sola. Unguwar ba ta da wutar gwamnati, don haka maigida ya tara abokansa su zo su ga abin da ya yi. Suna falo ana kallon ƙwallo, esi na busa sanyi, firiji na ruri, sai matarsa ta danna makunnin injin ruwa. Inbata, akwatin da ke juya wutar batir ta zama ta gida, ta yi wani tsuwwa, komai ya ɗauke ɗif. Wani cikin baƙin ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, "To, mai wutar kansa, naka ma ana ɗaukewa?" Maigida ya yi yaƙe. Washegari ya sayo kwaɗo.

"Injin nan shi ke kashe inbata," ya faɗa wa gidan. "Yaya, ki ɗan taimaka mana da guga na kwana biyu, kafin a duba."

Kwana biyun nan yanzu ya shiga wata na bakwai.

Yaya ba ta raina aiki. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gidan ƙanenta ba ta taɓa zama ta naɗe hannu ba, kuma ba ta taɓa roƙon sa ko sabulu ba. Tana da keken ɗinki na hannu a ɗakinta na bakin ƙofa, matan unguwa suna kawo mata rigunan yara da facin kayan makaranta da labule. Da wannan keken take riƙe mutuncinta a gidan wani. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Hannunta na dama shi ke juya keke, shi ke riƙe almakashi, shi ke zura zare a allura. Shi ne kuma yake jan igiya.

Da farko kanta ce ta fito a tafin hannun, ta ce ba komai. Daga baya ta fara tashi da safe ta ji yatsu uku sun yi nauyi kamar ba nata ba, sai ta yi ta yarfe hannun kafin su farka. A wata na uku zafin ya taso daga wuyan hannu ya haura gwiwar hannu ya yi gida a kafaɗa. Ranar da almakashi ya suɓuce mata ya faɗi a cinyarta, ta zauna tana kallon sa, tsoro ya kama ta sosai.

Washegari da safe ta tare ƙanenta a bakin mota. Ita kaɗai ke ce masa Auta, don ita ta goya shi.

"Auta, maganar injin nan fa?"

"Yaya ke nan. Kin gan ni zan fita shago. Da safe batir bai cika ba, in aka kunna yanzu sai a wuni a duhu."

"To in ka dawo da rana?"

"In na dawo a tuna mini."

Da rana ya dawo kamar kullum, ya ci abinci, ya shige ɗaki ya kunna esi ya ja ƙofa. Dokar gidan ce ba a ƙwanƙwasa wannan ƙofar sai ya fito da kansa. Da ya fito la'asar ta yi sanyi. Yaya ta tuna masa, ya ɗaga kai ya dubi sama ya ce, "Haba Yaya, ina ranar take? Abin da ya rage a batir na dare ne."

Haka abin ya zama. Da safe batir bai cika ba, da rana ana barci, da yamma rana ta tafi. Duk lokacin da ta je da maganar akwai amsar da ke jiran ta, kowace kuma tana da kamar gaskiya a jikinta. Maigida bai taɓa ɗaga mata murya ba, bai taɓa cewa a'a ba. Da ya ce a'a ma da ta san inda dare ya yi mata.

Ta gwada ta wajen matarsa, wadda ke koyarwa a makaranta, take fita da yara tun da sassafe.

"Maman yara, ko za ki yi masa magana? Hannun nan ya fara gaya mini magana."

"Wayyo Yaya, sannu. Ai kin san halin ƙanenki a kan kayan wutar nan, ko ni ba na taɓawa tun daga ranar. Da ba don bayana ba wallahi da na kama miki, tun haihuwar ƙaramar nan ban koma daidai ba." Ta ƙara da fara'a, "Amma fa an ce motsa jiki yana da kyau ga manya. Ji yadda kike garau, wa zai ce kin girme shi da shekara goma sha biyu?"

Ta miƙa mata kwalbar man zafi. Yaya ta karɓa ta yi godiya.

Ɗinki ya fara lalacewa. Layin da a da yake tafiya sambal yanzu sai ya karkace, saboda hannun yakan tsaya a tsakiyar juyi ba da saninta ba. Zura zare ya koma yaƙi. Takan ɗaga allura wajen taga ta yi ta cakar iska, yatsun ba sa jin zaren da suke riƙe da shi. Wata rana matar direba, maƙwabciyarsu, ta zo karɓar rigar 'yarta, ta juya ta gaba da baya.

"Yaya, lafiya kuwa? Wannan ba hannunki ba ne."

"Hannuna ne, 'yar nan. Gajiya ce. Bar ta in warware in sake."

Matar direba ta kama hannun ta juya tafin. Ta ga kantar tafin ta tsage, wuyan hannu ya kumbura. Ta leƙa tsakar gida ta dubi rijiya, ta ɗaga kai ta dubi tanki. Ita ta ja Yaya zuwa asibiti ranar da ba ta da aiki.

Likita ya matsa nan ya lanƙwasa can, ya ce ta rufe ido ya taɓa yatsun da bakin biro. Biyu ta ji, uku ba ta ji ba. Ya ce jijiya ce ta danne, kuma maganinta na farko hutu ne.

"Mama, in kin ajiye igiyar nan yau, akwai fata. In kin ci gaba, wata rana hannun zai ƙi ki, kuma ba lallai ya dawo ba."

Ta kawo maganar gida yadda aka faɗa mata, ba ƙari ba ragi. Maigida ya girgiza kai cikin jimami, ya ce subhanallahi, ya ce likitocin yanzu sun iya tsorata mutane, ya ce iyayenmu sun ja ruwa har tsufansu ba abin da ya same su. Sannan ya ce ta rage, kada ta matsa wa kanta, ta riƙa ja kaɗan-kaɗan tana hutawa. Bai faɗi wane duro za a bari babu ruwa ba. Da safe ya leƙo ya ce farantai sun yi ƙura.

Ta koma jan igiya da hagu, dama tana tallafawa. Guga cike da ruwa daga gaba goma sha takwas bai san hannu ɗaya ba.

Ana nan sai wata fitila a jikin inbata ta fara ƙifta ja. Nan da nan, a ranar, maigida ya kira mai sola. Ciwon inji ba ya jiran gobe a gidan nan.

Mai sola dattijo ne mai furfura a gemu, shi ya haɗa kayan tun farko. Ya iso da tsakar rana, ya shiga ɗan ɗakin batura, ya ɗaure wata waya da ta saki, fitilar ta koma kore. Yana fitowa ya tarar da Yaya a bakin rijiya tana jan ruwan wanke-wanke, igiya naɗe a damtsenta saboda yatsun ba sa riƙewa. Ya tsaya turus.

"Mama, injin ya lalace ne?"

"An ce yana kashe inbata."

Ya dubi kwaɗon, ya dubi maigida da ke tsaye a inuwa.

"Ranka ya daɗe, tun yaushe?"

"An ɗan jima. Ya taɓa ɗauke mana wuta a gaban baƙi."

"Ai na faɗa maka ranar da na haɗa. Injin ruwa kamar jaki ne da kaya, tashin ne mai wuya. A lokacin da zai tashi yakan fizgi wuta ninki uku ko huɗu, na ɗan ƙiftawa da bismillah. In esi yana aiki a lokacin, sun yi wa inbata yawa, sai ta kare kanta ta ɗauke. Ba lalacewa ta yi ba. Ka kashe esi, ka danna injin, ka ƙirga daga ɗaya zuwa goma, ka mai da esinka. Shi ke nan. In ya riga ya tashi suna tafiya tare lafiya."

"Batir fa? Kar ya zuƙe mana."

Mai sola ya kama hannunsa ya kai shi gaban inbata ya nuna masa lambobi.

"Duba nan. Baturanka tun ƙarfe goma sha ɗaya suka cika. Daga nan har ƙarfe uku duk wutar da farantan nan ke kamawa ba ta da wurin zuwa, a banza take tafiya. Wutar da kake zubarwa kullum ta isa ta cika tankin nan sau uku. Minti ashirin ne kawai. Ba ni makullin in nuna maka yanzu."

Yaya ta saki igiyar kaɗan. Ta dubi aljihun ƙanenta, inda makullan suke.

Maigida ya sa hannu a aljihun, ya ji makullan, ya bar su a ciki. Fuskarsa ta nuna bai ji daɗin a koya masa gidansa a gaban mata ba.

"Na ji, malam. Ba yau ba, kaina ke ciwo. Kuma ka san halin gida, in aka buɗe yau, gobe kowa ya danna lokacin da ya ga dama, a yi ta ɓarnar ruwa. Zan tsara abin."

"Amma baiwar Allahn nan…"

"Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Na fi ka sanin ciwonta."

Mai sola ya tattara kayan aikinsa. A bakin ƙofa ya ce wa Yaya a hankali, "Allah ya kawo sauƙi, Mama." Ta ce amin.

Da ba ta ji bayanin ba da ya fi mata. A da tana ja tana gaya wa kanta inji ne ya gaza, ba laifin kowa. Yanzu ta sani. Kullum da tsakar rana, idan ta ji ƙofar ɗakin ta rufe, esi ya fara gurnani a jikin bango, sai ta ga bakinta yana ƙirge shi kaɗai: ɗaya, biyu, uku. Kafin guga ɗaya ya iso baki takan ƙirga goma sau huɗu. Ta yi kuka a bakin rijiyar nan ba sau ɗaya ba, ba don zafin hannu ba, don yaron da ta goya ne ya auna ta da ƙirgen goma ya ga ba ta kai ba.

Ta sake yi masa magana sau biyu. Na farko ya ce ai yana sane. Na biyu ya ɗan ɓata rai ya ce, "Yaya, tun da mutumin nan ya zo kika sa ni gaba. In ce ko ba a rage ki da komai ba a gidan nan?" Daga ranar ba ta ƙara ba. Mai zaman gidan wani ya san nauyin irin wannan tambayar.

Ta daina karɓar ɗinki. Ta ce wa mata sai hannu ya yi sauƙi, ta lulluɓe keken da tsohon zane.

Abin ya faru ne wata Asabar da hantsi, guga na goma sha tara. Ta jawo shi har rabi, sai ta ji wani abu ya tsarga daga wuyan hannu zuwa kafaɗa kamar an ja waya mai zafi. Yatsun suka buɗe da kansu. Igiya ta zare daga damtsenta da gudu, ta kwashe fata, guga ya koma ƙasa da igiyar gaba ɗaya. Yaya ta durƙusa a wurin tana riƙe da hannun dama da na hagu. Ta ce masa ya dunƙule, ya ƙi.

Maman yara ta fito da salati, ta kai ta bakin ƙofar ɗakinta ta zaunar, ta ɗaure mata damtsen da ƙyalle. Ta yi ta sannu. Sannan ta leƙa duron kicin ta ga rabi, ta leƙa banɗakin maigida ta ga babu ko ɗigo.

Da rana maigida ya dawo a gaggauce. Yana da ɗaurin auren ɗan abokinsa ƙarfe biyu, zai yi wanka ya sake kaya. Ya shiga ɗaki, esi ya tashi, can ya fito da tawul a kafaɗa.

"Ina ruwa?"

"Yaya ce ta ji ciwo," in ji matarsa. "Guga ma ya faɗa rijiya da igiyar."

"Subhanallahi. Sannu Yaya. Ai na ce ki riƙa hutawa." Ya dubi agogo, ya yi tsaki. Ya tsaya yana tunani, tunanin bai kai na shan ruwa ba. Ya zaro makullan mota, ya nufi akwatin makunni. Kwaɗon ya ɗan cije saboda daɗewa, ya murɗa da ƙarfi ya buɗe.

"Shiga ki kashe esi," ya ce wa matarsa.

Gurnanin bango ya tsaya. Ya danna makunni. Daga can ƙasan rijiya aka ji wani sassanyan ruri ya taso.

Yaya tana zaune a bakin ƙofarta, hannu a cinya. Ba ta yi niyya ba, leɓenta ne ya motsa. Ɗaya. Biyu. Uku. Bututu ya yi tari, ya karkaɗa. Shida. Bakwai. Ruwa ya fara dukan gindin tanki da ƙara kamar ruwan sama a kan kwano. Tara. Goma.

"Kunna!" maigida ya ƙwala.

Esi ya dawo. Inbata ko tari ba ta yi ba. Ɗakin ma bai san an kashe ba.

Yara suka fito da ihu suna buɗe famfon tsakar gida suna watsa wa juna. Maigida ya tsaya riƙe da ƙugu yana kallon tanki, fuskarsa cike da murna, kamar shi ya ƙirƙiro abin.

"Ka ji mutumin nan da gaskiyarsa! Ashe abin ma ba wuya." Ya waiwayo yana dariya. "To Yaya, kin huta. Daga yau ba ke ba igiya. Sai ki koma kan kekenki."

Ya shige wanka. Ƙarfe biyu saura kwata ya fita yana ƙamshi.

Likita, da aka koma wurinsa, bai yi dogon bayani ba. Ya taɓa yatsun da bakin biro, ya rubuta magani, ya ce a yi ta addu'a.

Yanzu a gidan ana kunna injin kullum da tsakar rana. Maigida da kansa yake yi kafin ya kwanta, kuma in baƙi sun zo yakan kai su gaban akwatin ya koya musu dabarar: a kashe esi, a danna, a ƙirga goma. Sukan jinjina kai su ce lallai ya san kan kayansa. Kwaɗon ya mayar da shi ƙofar sito. Keken ɗinki yana nan a lulluɓe. Matan unguwa sun sami wata tela a layin baya.

An sa sabon famfo dab da ƙofar ɗakin Yaya, don kada ta wahala, in ji maigida. Irin mai murɗawa ne, kuma da tauri. Ranar da aka sa shi ta fito da buta za ta yi alwala, ta ɗora hannun dama a kai yadda ta saba ɗora shi a kan komai shekara hamsin da wani abu. Yatsun suka kwanta a kan ƙarfen, ba su kama ba. Ta gwada da hagu, ya ƙi juyawa. Ta tsaya a wurin da butarta, ruwa cike da tanki a saman kanta, tana jira wani ya zo wucewa ya buɗe mata.